Filawil ɗin Beetle: a gyara tsohon ko a sayi sabo?

Alhaji, tsakanin kai tsohon filawil ɗinka (faifan ƙarfen da ke bayan injin, inda kuloci ke kamawa) wurin masu injin sassaƙar ƙarfe da sayen sabon nan marar suna da aka nuna maka, ni dai na ce ka riƙe tsohon.

Tawa Beetle ɗin haɗin Ojo ce, ta masana'antar Volkswagen da ke hanyar Badagry a Legas, kuma filawil ɗin da ta zo da shi ne a jikinta har yau. Lokacin da ta fara karkarwa in za ta tashi, bakanikena a Agege ya sauke injin, muka ga fuskar ƙarfen ta yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, amma ko tsaga ɗaya babu. Aka goge fuskar, muka sa kuloci na Sachs mai milimita 200. Yanzu ko a cunkoson Oshodi, inda ƙafa ba ta sauka daga kuloci, lafiya lau take ja. Abu ɗaya za ka tsaya a kansa: abin da aka rage a inda dis (faifan kuloci) ke kwanciya, a rage daidai shi a bakin da ake ɗaure filet (farantin da ke danne dis), zurfin ya tsaya a milimita 21. In fuskar kaɗai aka ci, filet ba zai danne da kyau ba, kuloci ya riƙa sulɓewa.

Sabon kuwa, yana sheƙi, iyakar yabonsa ke nan. Na taɓa sayen irinsa, ramukan fil huɗun da ke zama a kan karanshaf suka ƙi shiga daidai. Kuma duk wanda ya canza filawil sai ya sake auna wasan gaba da baya na karanshaf, wanda ake daidaitawa da washa ukun da ke bayan filawil, ya dawo tsakanin 0.07 da 0.13 na milimita. Makanikai nawa ne ke da haƙurin wannan?

Ba ka tambaya ba, amma in za ka shiga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, sayen kuloci, ka buɗe ido. Akwai masu fesa wa tsohon filet fenti su zura a kwalin kamfani. Akwai masu miƙo filawil na mota mai batirin bolt 6, mai haƙora 109, su rantse na bolt 12 ne, alhali na bolt 12 haƙoransa 130. Ka ƙirga da hannunka, in ba haka ba kik ba zai kama ba.

Kafin ka biya kuɗin filet, leƙa cikin giyabos. In akwai bututu a kan shaf wanda boris ɗin kuloci ke zamewa a kai, irin na Jamus daga 1971, filet marar zobe a tsakiya za ka saya. In babu bututun, sai mai zobe. Kada ka dogara da shekarar da ke takarda, motocin nan an sha musanya musu giyabos. Ka tafi da tsohon filet ɗin a leda, a ɗora shi kusa da sabon a gabanka.