Tsarabar Okinawa: wanne za ka saya, wanne za ka bari

Duk wanda Allah ya kai shi tsibirin Okinawa a kudancin Japan, da wuya ya dawo bai bi ta titin Kokusai-dori na birnin Naha ba, titi ne mai tsawon kusan kilomita 1.6, shago na bin shago, kuma kowa sai ya miƙo maka chinsuko wai ka ɗanɗana. To dan Allah ɗan'uwa kar ka yi saurin kai wa baki. Biskit ne na fulawa da sukari, amma a al'ada da man alade ake kwaɓa shi, in ka juya bayan kwalin ka ga an rubuta ラード to man aladen kenan, ajiye musu abinsu. Haka wasu kek ɗin ma ana zuba musu awamori, giyar shinkafarsu.

Ni abin da nake ba kowa shawara shi ne kokuto. Wallahi mazarƙwaila ce sak, ruwan rake ake dafawa har ya daskare a farfasa, sai dai tsibirai 8 ne suka shahara da yin ta kuma kowacce da nata ɗanɗanon, ta Hateruma daban ta Tarama daban, wata har da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Ba ta da nauyi, tana daɗewa ba ta lalace ba, kuma tsofaffi a gida ba sai ka tsaya musu dogon bayani ba. Tat ɗin beni-imo, wani ɗan kek da ake yi da dankalin nan mai launin shunayya, yana da daɗi amma bai kai kokuto jure doguwar tafiya ba, ɗanyen dankalin kuwa an ma hana fita da shi daga Okinawa saboda ƙwari.

Ɓangaren aikin hannu kuma, gilashin Okinawa da ake kira gilashin Ryukyu yana da ɗaukar ido, bayan yaƙin duniya na biyu ne mutane suka riƙa narka kwalaben lemo da sojojin Amurka suka yar suna yin kofuna, shi ya sa za ka ga ƙananan kumfa a ciki. Amma ka tambayi inda aka yi shi, dan wasu daga Vietnam ake kawo su.

Na fi son tangaran ɗin yachimun. Ka bar babban titin ka taka zuwa unguwar Tsuboya inda aka tara maginan tukwane tun 1682, ka ɗauki kwano a hannunka, za ka ji kauri da nauyi, zanen kifi ko furen da ke jiki duk da hannu aka yi, babu guda biyu da suka zo iri ɗaya. Yana cin kilo a jaka kam, dan haka biyu ko uku sun isa, ka naɗe su da tufafinka.

In kuma nauyin ne matsalarka, nemi saƙar minsa ta tsibiran Yaeyama, ƴar jaka ko walat, mai zanen gida biyar da gida huɗu da ke nufin soyayya har abada, wannan ta uwargida ce.