Tukunyar Asabar: cholent ce ko dafina?

'Yar'uwa, kin ce lokacin da kike ƙarama a Kasablanka ta ƙasar Maroko maƙwabtanku Yahudawa kan aiko muku da wani abinci ranar Asabar, mai nama da dankali da ƙwai da ya yi ja har ciki, kuma wasu sun ce miki cholent ne. Ni dai na tabbata dafina kika ci.

Tushensu ɗaya. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar Bayahude mai kiyaye addininsa ba ya kunna wuta, ba ya girki. Sai a ɗora tukunya kafin magariba, ta kwana tana dahuwa a hankali, a ci bayan an dawo daga ibada.

Cholent na Yahudawan gabashin Turai ne, irin su Folan da Hungari. Wake da sha'ir da dankalin Turawa da naman sa da albasa, duk su narke su haɗe kamar fate mai kauri. Yajinsa kaɗan ne. Wasu kan saka kishke, wato hanji da aka ɗura wa gari da kitse.

Dafina kuwa ta Yahudawan Maroko ce, tana da dangantaka da adafina ta Yahudawan Andalus waɗanda aka kora daga Sifen a 1492. Sunan daga Larabci yake, ma'anarsa abin da aka binne, don a da cikin garwashi ake turbuɗe tukunyar, ko a kai ta tanderun unguwa ta kwana. Wasu gidajen skhina suke ce mata. Maimakon sha'ir, za ki ga waken nan da Larabawa ke kira hummus, da ƙashi mai ɓargo, da dankalin Hausa, da alkama ko shinkafa a ƙulle cikin farin ƙyalle, ta sha romo ba tare da ta watse ba. Ana jefa ƙwai da ɓawonsa, kafin safiya farinsa ya koma ruwan ƙasa. Ga kirfa da kurkum da kamun (wato cumin), ga dabino biyu ko uku da ke kawo ɗan zaƙin nan da kika ce har yau yana bakinki. Wajen rabawa ma kowane abu kwanonsa daban, kuma kin ce a ƙananan kwanoni ake kawo muku. Wannan ne ya fi gamsar da ni.

In za ki gwada, jiƙa waken tun daren Alhamis. Shimfiɗa shi a ƙasan tukunya, nama da ƙashi a kai, sai dankali, ƙwai da ƙullin alkama a sama. Zuba ruwa ya rufe, bari ya tafasa, sannan ki rufe ruf ki rage wuta sosai, awa 12 zuwa sama. Kada ki sa man shanu, don ba sa haɗa nama da abin da ya fito daga madara. Man gyaɗa kaɗan ya isa, ɓargon zai yi sauran.