Boris ya mutu, ganga a like: gyara ko sabon injin wanki, kuma na wane kamfani?

Malama, na ga tambayarki tun jiya, na jinkirta ne don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce injin wankinki mai ƙofa a gaba ya shekara shida, yanzu idan ya zo matse kaya sai ya riƙa ƙugi kamar jirgi zai tashi, mai gyara ya ce boris ne, kuma gangar a like take, sai dai a canza ta dungum. Kina son sanin ko gyara ya fi, in kuwa sabo ne, wanne tsakanin LG, Samsung, Bosch, Miele da masu rangwame irin su Beko da Hisense.

Kafin komai, gwada abin da ya faɗa miki da hannunki. Zare filogi, buɗe ƙofa, juya gangar a hankali. Lafiyayya shiru take tafiya. In kin ji gurgur kamar ana mirgina tsakuwa a cikin kwano, boris ya tafi. Sannan kama leɓen gangar daga sama ki ɗaga ta ki sauke. In ta yi lakwaf-lakwaf ita kaɗai ba tare da randar da take ciki ta motsa ba, to ko boris ne, ko kuma ƙarfen da ke riƙe da ita ta baya ya karye, wanda ya fi muni. Wanda ya cire murfin baya sau da yawa zai tarar da jan layin tsatsa ya gangaro daga tsakiyar randar zuwa ƙasa. Wannan layin ba ya ƙarya.

Dalilin mutuwar boris kusan ɗaya ne a kowane kamfani. Gangar ƙarfen da kike zuba kaya tana juyawa ne a cikin wata randa da ke riƙe ruwa. Sandar da ke juya ta ta ratsa bayan randar, tana zaune kan boris biyu, a gabansu kuma akwai ƴar roba mai tare ruwa. Ranar da robar nan ta gaji, ruwan sabulu zai riƙa tsiyaya, ya wanke man boris, tsatsa ta shiga. Daga nan sai ƙidayar watanni. Boris ɗin da robar ba wasu kaya masu tsada ba ne. Abin da ke raba inji da inji shi ne ko za a iya kai hannu gare su.

A nan ne zancen likakkiyar ganga ya shigo. Randar roba ɓari biyu ce. Wasu kamfanoni na haɗa ɓarin da sukurori a zagaye, a kwance, a fitar da tsohon boris, a buga sabo, a mayar. Wasu kuwa narkar da bakin suke yi su manne shi, ba sukuru ko ɗaya. Ya fi musu sauƙi a masana'anta, ke kuma ranar gyara sai a ce ki sayi randa da ganga da sanda gaba ɗaya saboda ƙwallayen ƙarfe da ba su cika tafin hannu ba. Akwai masu gyaran da ke yanka randar da zarto, su canza boris, su huda ramuka su ɗaure da noti da gam. Na taɓa yi wa nawa haka. Ya yi wata goma sha huɗu lafiya lau, ranar nan na shigo na tarar ruwa ya malale ɗakin har ƙarƙashin ƙofa. Wasu nasu ya daɗe fiye da haka, amma ki san caca ce.

To, ga yadda nake ganin kamfanonin.

LG ya yi suna ne da abin da yake kira Direct Drive: moto na manne a bayan randa kai tsaye, ba bel, ba burushin gawayi da zai cinye. Ba shi ya fara ba, Fisher & Paykel na Niyu Zilan ya riga shi da SmartDrive tun farkon shekarun 1990, amma LG ne ya yaɗa shi duniya. Moton da wuya ya mutu, shi ya sa ba sa jin tsoron manna masa garantin shekara 10. Sai dai karanta takardar da kyau, galibi moton kaɗai garantin ya rufe, ban da kuɗin aiki, ban da fanel (allon lantarkin da ke sarrafa injin), ban da boris. Wani abin da kan tsayar da su shi ne ƴar ƙaramar na'urar da ke ƙirga juyin moto, in ta lalace sai allo ya nuna LE, mutum ya ɗauka inji ya gama yawo alhali gyaran rabin awa ne. OE kuma ruwa ne ya ƙi fita, IE ya ƙi shiga, UE kaya sun taru a gefe guda. Abin da na fi so a LG shi ne da yawa daga cikinsu randarsu ta sukuru ce. Aibinsa ɗaya: tunda moto na daidai ƙarƙashin inda ruwa ke tsiyaya, wanda ya yi ta wanki da mataccen boris zai iya haɗawa da moton.

Samsung ɗan gari ɗaya ne da LG, duka daga Koriya ta Kudu, kuma a ido kusan tagwaye ne. Motonsa na inbata, wato wanda na'urar lantarki ke sarrafa gudunsa, shi ma ba burushi, wasu da bel, wasu kai tsaye. Wankinsa fes, allonsa cike da zaɓuɓɓuka da yawancinmu ba za mu taɓa latsawa ba. Lambobinsa 4C ko 4E na shigar ruwa, 5C ko 5E na fitarsa. Tarihinsa na da tabo: a Nuwamba 2016 ya janye injuna masu murfi a sama wajen miliyan 2.8 a Amurka, samfuri 34, saboda saman injin kan ɓalle lokacin matsa. Wannan bai shafi masu ƙofa a gaba irin naki ba, na kawo shi ne don ki san babban suna ba ya hana kuskure.

Abin da masu gyara suka fi ƙorafi a kansa a masu ƙofar gaba, na Samsung da na wasunsa, shi ne wancan ƙarfe mai hannu uku da ke riƙe ganga ta baya, wanda suke kira gizo-gizo. Na alminiyam ne, manne da gangar ƙarfe marar tsatsa, zaune cikin danshi da ragowar sabulu shekara da shekaru. Na taɓa ciro wani da na matsa da yatsa ya marmashe kamar busasshiyar laka, ga wani baƙin kitse mai wari ya cika lungunansa. Mai injin ba ta taɓa wanki da ruwan zafi ba, kuma sabulu cika ma'auni take yi har ya tumbatsa, don a ganinta kumfa ce tsafta. Wannan cutar ba ta tambayar sunan kamfani. Ruwan sanyi kullum, sabulu fiye da kima, ƙofa a rufe ruf bayan wanki, su ne abincinta.

Bosch da Siemens da Neff gida ɗaya suke fitowa, kamfanin BSH na Jamus, don haka kada ki ɓata lokaci wajen auna Bosch da Siemens, sau da yawa riga ce kawai ta bambanta. Motonsu na zamani, EcoSilence Drive, ba burushi amma da bel. Kada kalmar bel ta tsorata ki. Bel na daga cikin abubuwan da suka fi sauƙin canzawa, kuma yana shekaru bai ce uffan ba. Suna zaune daram wajen matsa, ba sa yawan rawa, kuma kamfanin na da kyakkyawan tsari na nemo kayan gyara da lambar samfuri, wadda ke rubuce a bakin ƙofa. E18 a allonsu ruwa ne ya ƙi fita. Inda gizo ke saƙar shi ne tsofaffin Bosch da suka gina wa kamfanin suna randarsu na kwancewa, amma da yawa daga cikin na baya-bayan nan, musamman ƙananan samfura, a like suke. Wanda ya ce miki Bosch ɗinsa ya shekara goma sha takwas gaskiya ya faɗa, sai dai ba lallai irinsa ake sayarwa yau ba.

Miele aji daban ne. Kamfanin iyali ne na Jamus tun 1899, kuma yana cewa yana gwada injunansa daidai da amfanin shekara 20, wato wanki 5,000. Gwaji ne, ba garanti ba, a lura. Amma wanda ya taɓa ɗaga ɗaya ya san ba cika baki ba ne kawai: yawancinsu sun haura kilo 80, alhali na gama-gari na tsakanin 60 da 70. Inda wasu ke ɗaura wa randa tubalin kankare don ta zauna, shi zubin ƙarfe yake sawa a da yawa daga samfuransa, manyan kuma randar kanta ta ƙarfe marar tsatsa ce. Matsalarsa biyu: tsadar saye, da tsadar kayan gyara. Kuma in babu wanda ya san shi a kusa da ke, ranar da fanel ɗinsa ya ƙone za ki zauna da kilo casa'in na ingancin Jamus da ba ya wanke ko hankici.

Masu rangwamen ba zan daɗe a kansu ba, don labarinsu kusan ɗaya ne: likakkiyar randa a mafi yawa, siraran shokazoba, kayan gyara masu sauƙi. Suna wanki daidai gwargwado, in boris ya tafi kuma an gama. Abin da ya kamata ki sani shi ne sunayen sun cakuɗe. Whirlpool ya sayi Indesit da Hotpoint na Turai a 2014, a 2024 kuma harkarsa ta Turai ta haɗe da ta Arçelik na Turkiyya, mai Beko. Haier na Sin ya mallaki Fisher & Paykel, ya sayi sashen kayan gida na kamfanin GE na Amurka a 2016, sannan Candy da Hoover na Turai a 2019. Hisense ya sayi Gorenje a 2018. AEG da Zanussi na Electrolux ne. Sai ki ga mutum biyu na musu kan wanne ya fi, alhali famfo ɗaya ne a cikin injunansu. A Disamba 2019 Whirlpool ya sanar da janye injunan Hotpoint da Indesit sama da 500,000 a Birtaniya, saboda makullin ƙofa kan yi zafi har ya iya kama wuta. Makullin ƙofa fa, ɗan abin da ba wanda ke tambaya a kansa ranar saye.

Wani abin da ke rage zafin lamarin: tun Maris 2021 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera injin wanki su tanadi muhimman kayan gyara na shekara 10 bayan sun daina fitar da samfuri, Faransa kuma ta fara liƙa makin sauƙin gyara, daga 0 zuwa 10, a Janairun shekarar. Samfurin da ake sayarwa a can, ko ina kike, kayansa sun fi saurin samuwa.

Ban da boris, yawancin abin da ke sa a kira mai gyara ba ya buƙatar mai gyara. A ƙasan injin ta gaba akwai ƴar ƙofa, a bayanta matatar famfo. Shimfiɗa tsumma, ajiye faranti mai faɗi, murɗe a hankali don ruwa zai biyo. Abin da na ciro daga wajen nan ya isa buɗe shago: tsabar kuɗi, fil na gashi, maɓalli, safar jariri, har makullin akwati. Injin da ke tsalle yana bin ɗaki tun ranar farko kuwa, kusan kullum kusoshin da ke ɗaure ganga lokacin jigila ne ba a cire ba. Shi kuma fanel, a kowane kamfani, abokin gabarsa wutar da ke hawa da sauka ne. Injin inbata ya fi tsohon yayi saurin jin ciwon wannan, don haka inda wuta ke rawa sai da na'urar daidaita ta. Ga wanda wutarsa da ruwansa ba tabbas, injin nan mai baho biyu, na wanki da na matsa, da agogon murɗawa da kafasita da bel, ya fi duk waɗanda na lissafa sauƙin rayawa, sai dai ke ce za ki riƙa kwashe kaya daga wannan baho zuwa wancan.

Kuma ki rage gudun matsa. Ƙarfin da ke dukan boris yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa, don haka juyi 1,400 a minti ya kusa ninka na 1,000 sau biyu. Bargo ɗaya jiƙaƙƙe da ya dunƙule a gefe guda a wannan gudun, guduma ce. Ni a 1,000 nake barin nawa sai in ana sauri.

Game da naki, Malama: shekara shida, likakkiyar randa, ni ba zan sayi sabuwar ganga ba in kuɗinta da na aiki sun kai rabin na sabon inji, don famfo da shokazoba da fanel ɗin duk shekararsu shida su ma. In mai gyaranki ya ƙware wajen yanka da ɗinkewa kuma zai tsaya wa aikinsa, ki gwada, amma ya fara duba gizo-gizon kafin ki biya ko sisi, in ya cinye a bar maganar. In sabo ne, da ni ne, LG mai randar sukuru zan ɗauka, sai Bosch in an tabbatar min wannan samfurin na kwancewa, Miele kuwa sai in da hali kuma akwai mai gyaransa kusa. Kada ki yarda da bakin mai sayarwa kan randar, shi ma yawanci bai sani ba. Karɓi cikakkiyar lambar samfurin, ki nemi zanen kayan gyaransa a intanet. In kin ga boris da robarsa da lambarsu daban, randar na buɗewa. In kuwa randa da ganga lamba ɗaya suke, irin taki ce. Turo min lambobin biyu ko uku da kika zaɓa, in duba miki.