LockHunter: tana kamo abin da ya riƙe fayil, amma aikinta ɗaya ne

Masu shagunan buga takardu a Samaru da Kongo sun san wannan ciwon kai, musamman lokacin da ɗaliban ABU ke rububin buga furojet: ka zo goge fayil, Windows ta ƙi, ta jefo maka wata lambar kuskure. Nan ne ake yawan ɗauko LockHunter, wata manhaja mai nuna abin da ya riƙe fayil. Kyauta ce, ba ta da nauyi, amma a duba lambar tukuna.

Inda ta yi fice shi ne 0x80070020, wato wata manhaja na riƙe da fayil ɗin. Wani lokaci Word ne da aka rufe amma bai mutu ba, wani lokaci riga-kafin bairos ne ke bincikarsa. Ka danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi layin LockHunter mai cewa "What is locking this file?", sai ta nuna sunan mai riƙon. Daga nan ko ka kwance shi, ko ka goge, ko ka bari sai an sake kunna kwamfuta ta goge shi. Abin da ta goge kwandon shara (Recycle Bin) yake tafiya, wannan kuwa abin yabo ne. Sai dai Windows ba ta ajiye kwandon shara a filas, kada a dogara da shi a can. Kuma kwance fayil da ƙarfi alhali ana cikin adana shi na iya lalata shi. Gara a rufe manhajar da LockHunter ta nuna.

Sauran lambobin ba nata ba ne. 0x80070005 rashin izini ne, sai an shiga a matsayin admin, wato mai cikakken iko a kwamfutar, an karɓi mallakar foldar. 0x80070013 kuwa kariyar rubutu ce: a duba ɗan makullin gefen katin SD. Filas ɗin da ya kulle kansa yawanci ya kusa mutuwa, a kwashe kayan ciki.

Wata da ke damun shaguna a Zariya ita ce 0x80070570. Fayil ya lalace, galibi don an ɗauke wuta ana cikin kwafi, ko kwastoma ya zare filas yana sauri. A nan LockHunter ɓata lokaci ce. A fara kwafe abin da zai kwafu, a buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin admin, a rubuta umarnin duba filas da gyara shi, chkdsk E: /f, ana sauya E da harafin filas ɗin, sannan a sake gwada gogewa.