Wa'adi Daban, Rufe Ƙofa Daban: Sharhina a kan Saita Lokaci a Moodle

Shekara guda ke nan da muka ɗauke kwas ɗinmu na lissafin kuɗin ƙananan sana'o'i daga WhatsApp muka mayar da shi Moodle, wata manhajar koyarwa ta intanet, kuma zuwa yanzu na yaye rukuni uku a kansa. Kwas ne na mako takwas. Masu yin sa manya ne da ke da abin yi: teloli, masu shagon kayan masarufi, mata masu sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida, da masu cire wa mutane kuɗi a bakin titi. Yawancinsu a Kano da Kaduna da nan Zariya suke, amma akwai na Maraɗi, akwai wani a Kumasi, akwai wata baiwar Allah a Jidda. Ba zan taɓo manhajar gaba ɗayanta ba. Ɓangare ɗaya nake so in yi magana a kansa, wato yadda malami yake saita lokacin da aiki zai buɗe, da lokacin da za a miƙa shi, da lokacin da za a daina karɓa. A nan na fi shan wuya da farko, a nan kuma na fi cin moriyarta daga baya.

A da, abin da nake yi shi ne in rubuta, "A turo jinga kafin Lahadi." Sai ga shi har Laraba ina tsintar hotunan shafukan littafi a tsakanin barka da asuba da sanarwar ɗaurin aure, wannan a karkace, wancan babu suna. Wanda ya kawo a kan lokaci da wanda ya makara da kwana huɗu duk ɗaya suke a idona, domin kafin in tantance sai na bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙoƙari suka fara sanyi. Wata ɗaliba ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: "Malam, in dai wanda ya kawo ran Laraba ma za a karɓa, ni me zai hana ni barcina daren Asabar?" Gaskiya ta faɗa, kuma maganarta ce ta sa na fara neman wata hanya.

Moodle dai tsohuwar manhaja ce. Wani ɗan Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ne ya ƙirƙiro ta, sigarta ta farko ta fito a 2002, kuma kyauta ce, duk wanda ya iya zai ɗora ta a shafinsa. Manyan makarantu irin su Open University ta Birtaniya da ita suke koyarwa. Mu wani matashi ne ya ɗora mana, shi yake kula da shafin, ni kuma nawa shirya darasi da saita lokuta.

In ka buɗe sabuwar jinga, za ka tarar da gurabe huɗu na kwanan wata, kowanne da ɗan akwatin da ake sa wa alama in ana so ya yi aiki. Na farko lokacin da za a fara karɓar aiki. Na biyu wa'adi. Na uku lokacin rufe ƙofa. Na huɗu naka ne kai malami, tunatarwa ce ta ranar da ya kamata ka gama dubawa. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, wa'adi ba ya hana kowa miƙa aiki. In ya wuce, ɗalibi zai iya ɗora takardarsa, sai dai manhajar za ta rubuta a gaban sunansa cewa ya makara, har da yawan awanni da mintunan da ya makara da su, shi ya gani, kai ma ka gani. Na ukun ne yake kulle ƙofa. Da zarar lokacinsa ya cika, wurin ɗora aikin ma ɓacewa yake yi.

A rukunin farko, saboda zafin abin da na baro a WhatsApp, sai na haɗa wa'adi da rufe ƙofa a kan minti ɗaya. A mako na biyu wani tela daga Kano ya kira ni da sassafe. Tun la'asar aka ɗauke musu wuta, ya ce, wayarsa ta mutu, ya kai ta caji wurin mai janareta a bakin layi, kafin ya karɓo ya kunna lokaci ya wuce da minti ashirin. Ya riga ya gama aikin tun da rana, a littafi, da biro, ya ja layin kuɗin shiga da kuɗin fita da rula tsaf. "Malam, wallahi ga shi a hannuna," in ji shi. Na ji nauyin abin sosai, domin mutumin nan bai yi sakaci ba.

A rukuni na biyu sai na karkata ɗaya gefen, na cire rufe ƙofa ɗungurungum. Ai kuwa bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Jingar mako na uku tana shigowa a mako na shida. Kuma wannan kwas ne da darasinsa yake hawa kan juna: wanda bai iya raba jari da riba ba, ba zai gane yadda ake rubuta bashi ba. Ni kuma ba ni da damar sakin amsoshi, domin kullum akwai wanda bai kawo nasa ba. Waɗanda suka kawo a kan kari su ne suka cutu, suna jiran gyara babu ranar zuwansa.

Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne tazarar kwana biyu tsakanin wa'adi da rufe ƙofa. Wanda ya miƙa a cikin waɗannan kwanaki biyu za a karɓa, ina rage masa maki kaɗan da hannuna, kuma tun ranar farko nake sanar da kowa haka. Bayan an rufe, washegari nake sakin amsoshi. A ganina wannan rabuwa ta wa'adi da rufe ƙofa ita ce mafi kyawun abin da ke cikin wannan ɓangare na Moodle. Tana ba ka damar riƙe tsari ba tare da ka hukunta mutum a kan wutar da ba shi ya ɗauke ta ba.

Sai maganar ƙarfe nawa. Wannan ita ce ta fi ba ni mamaki. A makon farko na bar wa'adi a kan 00:00 na ranar Juma'a, na kuma rubuta wa ɗalibai cewa "ƙarfe sha biyun daren Juma'a". Ban lura ba cewa na faɗi magana mai fuska biyu. A lissafinmu na gida dare yana gaban yini, daren Juma'a shi ne daren da ake shiga bayan magaribar Alhamis. Dattawan cikin ajin haka suka fahimta, kuma fahimtarsu ta yi daidai da ta kwamfuta, domin 00:00 na Juma'a shi ne mintin farko na ranar, ba na ƙarshe ba. Matasan kuwa suka ɗauka suna da yinin Juma'a gaba ɗaya. Ni kaina abin da nake nufi ke nan. Kusan rabin aji suka wayi gari Juma'a suka tarar a rufe. Laifina ne, na buɗe musu, na ba su haƙuri. Tun daga ranar ban sake sa wa'adi a tsakar dare ba.

Akwai ma wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Da yawa daga cikin ɗalibaina da datar dare suke karatu, wadda kamfanonin waya ke sayarwa da rahusa, daga wajen tsakar dare zuwa asuba. A lokacin ne kuma sabis yake da ƙarfi, shago a rufe, yara sun yi barci. Wa'adin tsakar dare yana rufewa ne daidai lokacin da su suke samun sararin buɗe waya. Yanzu wa'adina ƙarfe 7 na safiyar Litinin ne. Duk wanda ya ga "Litinin, 7 na safe" ba shi da wata fassara ta biyu, kuma yana da daren Lahadi wayewar Litinin cur.

Bambancin agogo ma ya taɓa mu, ko da yake mutum biyu kawai ya shafa. Najeriya da Nijar agogonsu ɗaya. Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Moodle tana iya nuna wa kowane ɗalibi lokaci da agogon ƙasarsa in ya zaɓa a bayanansa, amma in bai zaɓa ba, agogon shafin zai gani. Ɗalibinmu na Kumasi ya ga ƙarfe 7, ya dubi agogon hannunsa, bai san ƙarfe 6 ne a wurinsa ba. Na roƙi mai kula da shafin ya tabbatar an saita shi a kan agogon Legas, na nuna wa su biyun inda za su canja nasu, sannan a kowace jinga nake ƙara kalmomi biyu: "agogon Najeriya".

Gwaji mai ƙidayar lokaci shi ne wurin da nake ba kowane malami shawara ya nutsu. Yana da lokacin buɗewa, da lokacin rufewa, da kuma adadin mintunan da ake ba mai amsawa. Waɗannan ba sa jiran juna. In ka ba da minti 30, gwajin kuma zai rufe ƙarfe 9, wanda ya shiga ƙarfe 8:50 minti 10 kawai yake da shi. Sannan agogon ba ya tsayawa don sabis ya yanke. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne manhajar tana adana amsoshi da kanta lokaci zuwa lokaci, kuma akwai zaɓin da ke sa ta miƙa abin da ɗalibi ya riga ya amsa idan lokaci ya ƙare. Akwai wani zaɓin da ke watsar da duk gwajin da ba a miƙa da hannu ba, wannan ban taɓa kusantarsa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa malami a irin yanayinmu ya zaɓe shi ba. Daga baya na gano cewa manhajar waya ta Moodle tana barin a sauke gwaji a amsa babu intanet, amma da sharaɗin babu ƙidayar mintuna a kansa. Sai na cire ƙidayar daga gwaje-gwajen mako-mako, na bar ta a jarrabawar ƙarshe kaɗai, ita ma na buɗe ta yini biyu don kowa ya zaɓi lokacin da sabis ɗin unguwarsu ya fi kyau.

Uzuri kuwa ba ya ƙarewa a ajin manya, kuma mafi yawansa na gaskiya ne. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta rasa mahaifiyarta a mako na biyar. Ranar sadakar uku 'yarta ta kira ni, muryarta a dashe, ta ce, "Malam, Mama ta ce a gaya maka ba za ta samu yin na wannan makon ba." Na yi musu ta'aziyya, na ce ta gaya mata kada ta sa wannan a ranta. Na shiga jerin sunaye, na danna nata, na ba ta ƙarin wa'adi na kwana goma. Ita kaɗai abin ya shafa, babu wanda ya sani a aji, kuma da ta miƙa ba a rubuta mata makara ba. Ana iya yin haka ga mutum ɗaya, ana iya yi wa rukuni guda. A WhatsApp da sai dai in yi sanarwa a gaban kowa, ko in riƙe a kaina in manta.

Game da darussan kansu, na gwada kulle kowane mako sai ranarsa ta zo. Manhajar tana ba ka zaɓi, ko ka ɓoye darasin gaba ɗaya, ko ka bar sunansa a dusashe tare da ranar da zai buɗe. Na biyun ya fi, don mutum ya san abin da ke gabansa. Amma da kasuwar Sallah ta gabato, telolin suka roƙe ni in buɗe musu mako biyu gaba, su yi karatunsu tun kafin ɗinki ya rufe su. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji ɗayansu. Na buɗe, kuma ban ga illar hakan ba. Yanzu darasi yana buɗewa da wuri, ba na kuma rufe shi har kwas ya ƙare. Jinga da gwaji kaɗai ke da ƙofa.

Abu biyu ne suke buƙatar haƙuri. Akwai saitin da ke tilasta wa ɗalibi ya danna maɓallin miƙawa bayan ya ɗora takarda. In bai danna ba, aikin yana nan a matsayin daftari, shi kuma yana can yana ganin ya gama. Na kashe wannan saitin bayan ya rikita mutum uku a mako ɗaya. Na biyu, gyaran kwanan wata aiki ne mai cin lokaci in jinga da gwaji sun yi yawa, domin kowanne sai ka buɗe shi. In sabon rukuni zai fara, canja ranar fara kwas a wurin sabunta shi yana matsar da sauran ranakun gaba ɗaya, wannan ya rage mini wahala ƙwarai. Duk da haka nakan zauna da kalanda a gefe in bi su ɗaya bayan ɗaya, domin manhajar ba ta san ranar Sallah ba, ba ta san ranar kasuwar garin kowa ba.

Ga malamin da ajinsa ƙarami ne, ɗalibansa kuma suna zuwa gabansa kullum, wannan duk ya yi masa yawa. Ga wanda yake koyar da manya daga nesa, masu sana'a da iyali, ina ba shi shawarar Moodle ba tare da ɗar ba, da sharaɗin ya ware yini guda ya fahimci waɗannan gurabe kafin ya shigar da ɗalibi ko ɗaya. Rukuninmu na huɗu zai ratsa cikin azumi. Na riga na mayar da wa'adi ƙarfe 10 na safe don masu komawa barci bayan sahur, na ƙara tazarar rufe ƙofa zuwa kwana uku, goman ƙarshe kuma ban sa jinga ko ɗaya a ciki ba.