Tsohuwar motar da ta dace da gasar motocin titi a Amurka: wace za ka saya, me za ka sa mata?

A Amurka akwai wata irin gasar mota da ba sai ƙwararren direban tsere ne ke shiga ba. Sharaɗin farko shi ne motar ta kasance ta hawa: da lamba, da inshora, da fitilu masu aiki, irin wadda za ka iya fita aiki da ita ka dawo. Wadda ta fi suna ita ce ta kamfanin batir na Optima, da aka fara a 2008 a jihar Nevada. Ana kammala ta duk shekara a Las Vegas cikin Nuwamba, a makon SEMA, babban baje kolin kayan gyaran motoci, kuma tun 2014 ake yin wasannin share fage a filaye daban-daban na ƙasar. Akwai kuma ta Goodguys, masu shirya tarukan tsofaffin motoci, da rukunin CAM na motocin Amurka a ƙungiyar tseren motoci ta SCCA, waɗanda suka fi sauƙin shiga. Duk gudun a rufaffen fili ake yi, da alƙalai da agogo, ba irin wasan motar da samari ke yi a tsakiyar gari jama'a na darewa ba.

Kafin ka taya kowace mota, ka san abin da za a gwada ta a kai. A gasar Optima jarrabawa biyar ce. Akwai zagayen kwane-kwane tsakanin robobin da aka jera a fili, inda gudu bai da yawa amma kwana ba ta ƙarewa. Akwai tashi da tsayawa: ka fizge ta, ka sha kwana, ka taka birki ta tsaya cak cikin wani ɗan murabba'i da aka kewaye da robobi. Akwai zagayen babban filin tsere da agogo. Akwai tafiya a kan titin gari don a tabbatar motar ba ta ado kawai ba ce. Sai alƙalai su duba ƙira da ingancin aiki, har da ko hon da na'urar sanyaya suna aiki. A cikin biyar ɗin nan, ɗaya ce kawai ƙarfin inji ke yin sarauta sosai, wato zagayen babban fili. Sauran biyun na gudu taya ce da birki da yadda ƙafafun motar ke riƙe ƙasa. Duk shawarar da ke ƙasa daga nan ta fito.

Rukunin tsofaffi a wannan gasa na motocin 1989 ne zuwa baya. Ka riƙe wannan shekarar, don ta buɗe ƙofar da yawancin masu saye ba sa lura da ita. Nauyi ma yana iya sauya maka rukuni, saboda haka ka karanta dokokin shekarar da za ka shiga tun kafin ka biya kuɗi.

Camaro ta 1967 zuwa 1969

Wannan ƙirar Chevrolet ita ce motar da kowa ke mafarki. Mark Stielow, injiniyan General Motors da ake dangantawa da wannan salo na gyaran tsohuwar mota ta riƙa shan kwana kamar sabuwa, da irinta ya ci gasar a 2010 da 2012. Amfaninta a fili yake: babu wani ƙarfe a jikinta da ba a ƙera sabonsa. Detroit Speed, Ridetech, Speedtech, Art Morrison da Roadster Shop duk suna sayar da kayan ƙafafunta, wasu ma shasi sukutum. Kamfanin Dynacorn har sabon bodi yake bugawa.

To amma yadda ta fito daga masana'anta ba ta iya wannan aiki. Sifirin ɗin bayanta na faifai ne irin na a-kori-kura, tayar gaba kuma idan an shiga kwana sai ta kwanta ta ɓangaren da bai kamata ba, ta rage riƙon ƙasa. Wurin tayar baya ma ƙarami ne, sai mai walda ya yanke ya faɗaɗa kafin taya mai faɗin milimita 315 ta shiga. Ma'ana za ka sayi mota da tsada saboda sunanta, sannan ka cire rabin abin da ka saya ka jefar. Idan aljihunka mai zurfi ne, bismilla. Idan lissafi kake yi, wuce gaba.

Mustang ta 1965 zuwa 1970 matsalarsu ɗaya, da ƙari guda. A ɗakin injinta akwai wasu tudun ƙarfe biyu da ke riƙe shokozoba, sun cinye wuri. Injin Ford na zamani mai suna Coyote, mai lita 5.0 da ya fito a 2011, yana da faɗin kai, ba ya shiga sai an yanke su an sake tsarin ƙafafun gaba ɗungurungum. Mai son Ford da gaske zai jure. Wanda gasa ce ta kawo shi bai da dalilin wannan wahala.

Inda kuɗi ya fi auki

Camaro da Firebird na 1970 zuwa 1981 sun fi yayyensu tsari tun daga masana'anta. Sun fi faɗi, sun fi kwanciya a ƙasa, an gyara lissafin ƙafafun gaba, kuma wurin taya ya fi yalwa. Na 1970 zuwa 1973 sun yi tsada yanzu. Na bayansu, masu manyan bamba, farashinsu ya fi sauƙi alhali ƙashin jikin kusan ɗaya ne. Sun fi nauyi, kuma injinan da suka zo da su a tsakiyar shekarun 1970 ba su da kuzari saboda dokokin hayaƙi na lokacin, amma dama injin nan ba zama zai yi ba.

Sai Corvette. Tun 1963 kowace tayar bayanta take motsi ita kaɗai, tun 1965 kuma take da birkin faranti a ƙafa huɗu, abubuwan da mai Camaro sai ya saya da kuɗinsa. Brian Hobaugh ya ci gasar a 2013 da Corvette ta 1965. Irin wannan ta fi ƙarfin talaka, amma ta 1974 zuwa 1982 tana kan tsarin shasi iri ɗaya, kuma tana cikin Corvette mafi araha. Jikinta ba ƙarfe ba ne, shi ya sa mutane ke zaton ba ta tsatsa. Tana yi, a ɓoye. Akwai wani kejin ƙarfe da ya kewaye gilashin gaba da ƙofofi a ƙarƙashin bodin, idan ya ruɓe gyaransa ya kusa kuɗin motar.

Ni dai da za a bi ta tawa, wanda zai fara ya dubi shekarun 1980. Corvette ta 1985 zuwa 1989 ta zo da hannayen ƙafafu na alminiyam, nauyinta ya rabu daidai tsakanin gaba da baya, kuma taya mai faɗi tana shiga ba tare da an taɓa bodi ba. Ka guji ta 1984 saboda tsarin man fetur ɗinta mai rigima. Ta 1989 ita ce ta samu giyar ZF mai shida, ta maye wata giyar hannu mai ban haushi da na baya suke da ita. Injinta yana da ƙarfin ja daga ƙasa, wanda ke da amfani a kwane-kwane, sai dai numfashinsa kan ƙare da wuri idan an buɗe wuta a miƙaƙƙen titi. Camaro ta 1982 zuwa 1989 da Mustang ta 1979 zuwa 1989 su ma suna cikin wannan sahu. Camaro ɗin ta fi iya kwana. Mustang ta fi sauƙin nauyi da arahar kaya, amma jikinta yana lanƙwasa, sai an yi mata waldar ƙarafan ƙarfafawa a ƙasa, kuma tsarin aksul ɗin bayanta yana cijewa a tsakiyar kwana. Inda waɗannan motoci ke shan kashi shi ne gaban alƙalan ƙira, don robobin cikinsu sun tsufa sun farfashe, ba su da kwarjinin na 1969. Maki kaɗan ne za ka rasa a can, ka same su a wurin agogo.

A-kori-kurar Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972 tana da masoya, kuma abin kallo ce idan tana shan kwana, amma nauyinta duk a gaba yake, sai an kashe kuɗi sosai kafin ta yi gogayya. Datsun 240Z kuwa nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, daɗin tuƙi gare ta, illa tsatsa na cin ta fiye da kowace, kuma rashin nauyin kan iya fitar da ita daga rukunin tsofaffi ya haɗa ta da motocin da suka fi ƙarfinta. Na san wani zai tambayi Fijo 504, wadda aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna. Ba ƙaramar mota ba ce, ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Sai dai an gina ta ne don ta haɗiye gargada, kuma ba kasuwar kayan da za su mayar da ita motar shan kwana a kwalta.

Inji

Nan zaɓin bai da wuya. Dangin injin LS na General Motors, mai gida takwas, wanda ya fara fitowa a Corvette ta 1997, shi ya mamaye wannan harka saboda ƙarami ne, ba nauyi, kayansa ko'ina. Mai lita 5.3 da ake cirowa daga manyan motocin da suka yi haɗari shi ne mafi araha, amma yawancinsa jikin baƙin ƙarfe ne, yana ƙara wa gaban mota nauyi. LS3 mai lita 6.2, jikin alminiyam, ƙarfin doki 430, ana sayar da sabonsa a akwati. Wannan ya ishi sabon shiga, har ya yi yawa. LT4 mai doki 650 yana nan ga mai so, sai dai zafin da yake tarawa bayan zagaye biyu ko uku zai sa ka sayi lagireto da na'urorin sanyaya da ba ka shirya musu ba. Ɗora irin wannan inji kan ƙafafun 1969 da ba a taɓa ba, kamar ɗaura sirdin hawan sallah ne a kan doki mai ɗingishi.

Abin da ke kashe inji a fili sau da yawa baƙin mai ne. A doguwar kwana man kan taru gefe guda a cikin kwanon ƙasan inji, famfo ya zuƙi iska, cikin 'yan daƙiƙu ƙarfe ya ci ƙarfe. Kwano mai shingaye a ciki da na'urar sanyaya mai sun fi ƙarin doki hamsin amfani. Ta ɓangaren giya, Tremec na da biyu da aka fi saye: TKX mai biyar, siririya, tana shiga yawancin tsofaffin motoci ba yanka, da T56 Magnum mai shida wadda sau da yawa sai an buɗa mata ramin ƙasa.

Taya da birki

Dokar gasar ta ce lambar juriyar taya kada ta gaza 200, a jikin tayar ake rubuta ta. Waɗanda ake yayi sun haɗa da Yokohama A052, Bridgestone RE-71RS, Falken RT660 da BFGoodrich Rival S. A052 tana kama ƙasa tun zagayen farko amma ba ta son zafi da mota mai nauyi, kuma saurin cinyewa gare ta. RT660 ta fi haƙuri. Ko wace ka zaɓa, ka sa a lissafi cewa kaya ne mai ƙarewa, wani lokaci fiye da saiti ɗaya a shekara. Ka fara duba girman da ake samu a kasuwa kafin ka sayi rim. Inci 18 ya fi zaɓi, shi ne kuma ke ba manyan farantan birki na Wilwood ko Baer wuri. Amma kafin manyan faranti, ka zuba man birki mai jure zafi da takalman birkin da aka yi don fili. Birkin da ya yi laushi a zagaye na uku galibi mansa ne ya tafasa.

Gamammiya ko ta gyara?

Wanda ya gina mota da hannunsa da wuya ya mayar da kuɗinsa idan ya tashi sayarwa, wannan kuwa riba ce ga mai saye. A gwanjon Mecum da Barrett-Jackson da shafin Bring a Trailer ana ganin irinsu kullum. Sai dai da yawa don nuni aka gina su, fenti na ƙyalli, ba su taɓa ganin fili ba. Ka nemi wadda ta riga ta yi gasa, mai ita ya nuna maka rasit da sakamakon da ya samu. 'Yan tabon tsakuwa a gefen bodi alama ce mai kyau.

Idan ta gyara za ka saya, tsatsa ce ke yanke hukunci. Motar Arizona ko Kalifoniya ta fi ta Michigan ko Ohio, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ka tafi da maganaɗisu da tocila. Ka bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyin baya da maganaɗisun, inda ya ƙi kamawa an cike da foti ne. Ka ɗaga kafet ka danna ƙasa da sukuddireba. Idan Mustang ce ta shekarun 1960, zuba ruwa a ramukan iskan da ke gindin gilashin gaba ka leƙa wurin ƙafar direba: in ya ɗigo, ciki ya ruɓe, aiki ne na cire gilashi da yanka. Idan tsohuwar Corvette ce, a cire murfin gefen ƙafa kusa da ƙofa ka haska, ka ga ko ɓarɓashin tsatsa ya taru. Araha ba ta ado. Lambar jikin mota kuma ta dace da ta takardar mallaka, don motar da ba ta da takarda ba za ta samu lamba ba, balle ta shiga gasar. Mazaunin Kalifoniya ya tuna cewa motocin 1975 zuwa baya ne kawai aka yafe wa gwajin hayaƙi, na bayansu kuwa sauya inji sai an bi ƙa'ida mai tsauri.

Ka ware kuɗin hular kwano mai shaidar Snell, cibiyar da ke gwada ingancin huluna, da kujerar da za ta riƙe ka a kwana. Ka tambayi kamfanin inshorarka tun da wuri, don yawancinsu ba sa biyan ɓarnar da ta faru a filin tsere, ana sayen wannan daban. Sauran kuɗin kuma kada ka taɓa inji da su tukuna. Ka sa tayoyi, ka sake man birki, ka yi rajistar kwane-kwanen SCCA mafi kusa da kai, inda kowace robar da ka ture ake ƙara maka daƙiƙa biyu. Bayan fita uku ko huɗu za ka san ko gaba ne ke zamewa ko baya, sai ka sayi kayan da ke gyara wannan.