Eriyar zobe ta auna hayaniyar rediyo: a saya ko a haɗa?

Duk mai rediyon sha'awa da ya kunna mita 40 (wato wajen megahaz 7) da dare ya ji shuuu ta danne kowace tasha ya san ciwon, galibi infatar sola ce ko cajar waya ko kwan LED na maƙwabci. To kafin ka fidda kuɗi ka tsaya tukuna, gano inda hayaniyar take kake so ko auna ƙarfinta? Don kowanne da eriyarsa.

In nema ne kawai eriyar zobe ta MLA-30+ ta isheka, ga arha ga amfilifaya (mai ƙara ƙarfin sigina) a ciki, kana juya zoben har ƙarar ta faɗi, to a lokacin ramin zoben yana kallon mai laifin, ko dai gabanka ko bayanka. Amma don Allah kar ka ce awo za ka yi da ita, ba ka san nawa amfilifayar ta ƙara ba, kuma tasha mai ƙarfi in ta cika ta sai ta haifo hayaniyar kanta ka ɗora wa maƙwabci. YouLoop ta Airspy ba ta da amfilifaya, sai dai tana son risiba mai kunne sosai irin HF+ Discovery.

Na ƙwararru kuma irin ETS-Lindgren 6502 da HFH2-Z2 na Rohde & Schwarz, santimita 60 ne, daga kilohaz 9 zuwa megahaz 30 yadda ƙa'idar CISPR 16, ta ƙasa da ƙasa kan awon hayaniyar rediyo, ta tsara, suna zuwa da takardar gwajinsu. Kuɗinsu na kamfani ne, mu wuce.

Ni dai shawarata ka haɗa taka, don ita ce za ka iya lissafa halinta. Lanƙwasa wayar eriya mai raga (coax) ta RG-213 ta zama zobe mai faɗin santimita 60, ka yanke ragar waje kaɗan a can sama daidai tsakiya, in yankan ya karkace ramin shirun, wato wurin da ƙarar ke faɗuwa in ka juya zoben, ya lalace. Indaktans ɗin zoben nan bai wuce maikrohenri 1.6 zuwa 1.7 ba, in ka jona shi da risiba mai ohm 50 gwiwarsa, wato inda siginar ke daina ƙaruwa, na kusa da megahaz 5, ƙasa da nan siginar na ƙaruwa desibel 6 duk lokacin da adadin haz ya ninka, sama da nan ta miƙe. LTspice, manhajar kwaikwayon da'irar lantarki, ma ya isa ya nuna maka wannan kyauta.

A manhajojin kwaikwayon eriya kuwa, 4nec2 kyauta ne, EZNEC ma tun 2022 wanda ya rubuta shi, Roy Lewallen, ya sake shi kyauta, amma a kula, injin lissafinsu na NEC-2 yana rikicewa in guntayen da ka raba wayar a cikin manhajar sun gaza kashi ɗaya cikin dubu na tsawon zango, sai ya ba ka lambobin da ba su da kan gado. Amfaninsa yana can wajen megahaz 30, inda kewayen zoben, mita 1.9, ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na zango, ya fita daga sahun ƙananan zobba ke nan. Ka haɗa zoben da tinySA, ƙaramar na'urar auna ƙarfin sigina, ka rataya a wuya ka zaga unguwa, amma ka fara kashe wutar gidanku gaba ɗaya ka saurara da batir, don ka tabbatar ba daga gidanku hayaniyar take ba.